EDWARD JENNER, LIKITAN ƘAUYE DA YA KARYA LAGON AGANA

Duk mutumin da aka haifa a ƙasar nan kafin shekarar 1970, in ya naɗe hannun rigarsa, da wuya a rasa wani ɗan tabo kewayayye mai faɗin sisi a damtsensa. Wannan tabo shi ake kira lamba. Jariran da ake kai wa ɗakin shan magani a yau su ma sukan tashi da ɗan tabo a damtse, amma nasu na allurar tarin fuka ne. Ba a yi musu lambar agana, domin aganar kanta ba ta nan. Mutumin da ya buɗe hanyar da ta kai ga haka wani likita ne Bature, sunansa Edward Jenner, wanda ya yi kusan dukan rayuwarsa a wani ƙaramin gari na manoma da makiyaya a yammacin Ingila.

Wanda bai riski zamanin agana ba, da wuya ya gane irin tsoron da ake yi mata. Takan soma da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da ciwon baya. Bayan kwana biyu ko uku sai ƙuraje su feso a baki da fuska, su bi hannuwa da ƙafafu har tafin hannu da tafin ƙafa, su cika da mugunya. A cikin mutum goma da mai tsananin ta kama, wajen uku sukan mutu. Waɗanda suka tashi kuwa sukan tashi da zanzana a fuska har iyakar ransu, wasu kuma su makance. Hausawa, saboda shakkarta, ba su cika kama sunanta ba, sai su sakaya su ce ado, ko kuwa 'yan rani, don da rani ta fi yin ɓarna. A ƙasashen Turai, cikin ƙarni na 18, an ƙiyasta tana kashe mutum wajen 400,000 kowace shekara, ba ta kuma san sarki ba balle talaka. Ita ta kashe Sarauniya Mary ta Biyu ta Ingila a 1694, ita ce kuma ajalin Sarkin Faransa Louis na 15 a 1774.

An haifi Jenner ran 17 ga watan Mayu, 1749, a garin Berkeley cikin lardin Gloucestershire. Mahaifinsa, Stephen Jenner, shi ne limamin cocin garin, Edward kuwa shi ne na takwas cikin 'ya'ya tara. Yana da shekara biyar, a 1754, uwa da uba suka rasu, tsakaninsu 'yan watanni kaɗan, riƙonsa ya koma hannun yayyensa, musamman wansa wanda shi ma Stephen ne sunansa. Tun yana ƙarami an san shi da yawon daji, yana neman sheƙar tsuntsaye da duwatsu masu ɗauke da alamun halittun zamanin da.

Wajen shekara takwas da haihuwa, yana makaranta a garin Wotton-under-Edge, aka yi masa abin da bai manta da shi ba har ya tsufa. A lokacin, hanya ɗaya ce tak aka sani ta kare kai daga agana, watau a dasa wa mutum ita da gangan. Akan ɗebi mugunya daga ƙurjin mai fama da cutar, a yi wa mai lafiya 'yar tsaga a hannu, a shafa. Galibi sai ya yi aganar sama-sama, ya warke, ba ta kuma sake kama shi ba. Likitocin Ingila na wancan zamani sun ƙara wa abin wahalar da babu dalilinta. Kafin a yi wa yaro tsagar, sai an yi makonni ana tauye masa abinci, ana ba shi maganin wankin ciki, ana zubar masa da jini, sa'an nan a kulle shi a barga tare da sauran yaran da aka yi wa, har sai ƙurajen sun bushe. Haka aka yi wa Jenner. Ya fito a rame ƙwarai, ya kuma daɗe yana fama da rashin barci.

Wannan dabara ta dashe ba Turawa suka ƙago ta ba. An daɗe ana yin ta a Sin da Indiya da ƙasar Turkawa da sassa da yawa na Afirka. Matar jakadan Ingila a Istambul, Lady Mary Wortley Montagu, wadda ita kanta agana ta ɓata wa fuska, ta ga tsofaffin mata suna yi a can, ta sa aka yi wa ɗanta a 1718, aka kuma yi wa 'yarta a Landan a 1721. A birnin Boston na Amurka kuwa, wani bawa baƙar fata da aka sato daga Afirka, wanda aka laƙaba wa suna Onesimus, shi ya nuna wa ubangijinsa Cotton Mather tabon da ke hannunsa, ya bayyana masa yadda ake yi a ƙasarsu. Da annoba ta faɗa wa Boston a 1721 aka jarraba, sai aka ga cikin waɗanda aka dasa wa, wajen biyu cikin ɗari ne suka mutu, alhali cikin waɗanda ta kama haka kawai, wajen sha huɗu cikin ɗari ne. Sauƙi ne babba, amma fa mutum biyu cikin ɗari ba ƙaramin abu ba ne ga uwar da ta kai ɗanta lafiya lau ta komo da gawa. Sarkin Ingila George na Uku kansa ya rasa ɗansa Octavius a 1783 bayan an yi masa dashen. Babban aibin kuma shi ne, wanda aka dasa wa agana ta ainihi ce a jikinsa, yana iya shafa wa maƙwabta, annoba ta tashi daga wurin da aka je neman tsari.

Jenner na da wajen shekara 14 aka kai shi koyon aiki wurin wani likita mai suna Daniel Ludlow a Chipping Sodbury, kusa da Bristol. Ya yi shekara bakwai a nan. A 1770 ya tafi Landan, asibitin St George, ya zama almajirin John Hunter, wanda babu kamarsa a fagen fiɗa a Ingila a lokacin. Hunter mutum ne mai zafin rai wanda ba ya yarda da magana don kawai an same ta a littafi. Abin da ya cusa wa almajirinsa shi ne, in tambaya ta taso, kada a zauna ana ta zato, a tashi a gwada a gani. Shaƙuwa ta shiga tsakaninsu, suka yi ta musayar wasiƙu har Hunter ya rasu a 1793. Cikin wasiƙun nan yakan aiki Jenner ya auna zafin jikin bushiya sa'ad da take dogon barcinta na lokacin sanyi, ko ya aiko masa da wani tsuntsu ko kifi.

A Landan ƙofofin ɗaukaka sun buɗe masa. Sa'ad da jirgin Kyaftin Cook ya komo daga kewayen duniya a 1771, Jenner na cikin waɗanda suka taimaki Joseph Banks wajen tsara tsirrai da halittun da aka zo da su, har aka yi masa tayin shiga tafiya ta biyu. Ya ƙi. Ya tattara kayansa ya koma Berkeley, ya zama likitan karkara, yana hawan doki cikin ruwa da sanyi zuwa gidajen manoma. Mutum ne mai son jama'a, yana busa sarewa, yana kaɗa goge irin na Turawa, yana kuma taruwa da 'yan'uwansa likitocin yankin su ci abinci su karanta wa juna abin da kowa ya gano. A irin wannan zama ne ya kawo ra'ayin cewa ciwon ƙirjin nan mai shaƙe mutum yana da alaƙa da ƙanƙancewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, abin da daga baya ya tabbata.

Abin mamaki, ba aikin likita ne ya fara fito da sunansa ba, tsuntsu ne. Akwai wata tsuntsuwa da Turawa ke kira kuku, wadda ba ta yin sheƙa, sai ta saka ƙwanta a sheƙar wani ƙaramin tsuntsu ta tafi abinta. An daɗe da sanin cewa ƙwai da 'ya'yan mai sheƙar sukan ɓace, ana zargin uwar kuku ce ke komowa ta zubar da su. Jenner ya yi ta fakon sheƙuna har ya gani da idonsa: ɗan kukun ne da kansa, tun yana tsirara bai buɗe ido ba, yake goya ƙwai ko ɗan tsako a wani ɗan lotso da ke bayansa, ya ja da baya zuwa bakin sheƙa ya wurgar. Ya kuma lura lotson yakan shafe bayan wajen kwana 12. An buga rahotonsa a 1788, aka kuma shigar da shi Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Sarautar Ingila saboda shi. Duk da haka masana da yawa sun ci gaba da ƙaryata zancen, sai a 1921 aka ɗauki abin a hoton majigi, gardama ta ƙare. A shekarar 1788 ɗin ne kuma ya auri Catherine Kingscote, suka zauna a gidansa da ake kira Chantry, suka haifi 'ya'ya uku.

AGANAR SHANU

A lardin Gloucestershire, ƙasar madara da cuku, akwai wata cuta da kan fito wa saniya a hantsa lokaci lokaci, ƙuraje ne masu ruwa. Mai tatsa in yana da ɗan rauni a hannu yakan ɗauka, ƙuraje kaɗan su fito masa, ya yi ɗan zazzaɓi na 'yan kwanaki, shi ke nan. Ita ake kira aganar shanu. Mutanen karkara sun daɗe suna faɗin cewa wanda ya yi ta, aganar mutane ba ta kama shi.

Labarin da aka fi bazawa a littattafan makaranta shi ne, wai tun Jenner na yaro ya ji wata budurwa mai tatsar nono tana alfaharin fuskarta ba za ta taɓa yin zanzana ba, daga nan tunanin ya shige shi. Masu binciken tarihi na baya-bayan nan suna shakkar wannan labari, domin bai fito ba sai a littafin da abokinsa John Baron ya rubuta bayan rasuwarsa. Abin da ya fi ƙarfi shi ne, wani likita na yankin, John Fewster, ya lura tun wajen 1768 cewa akwai manoman da in an yi musu dashen agana ba ya kamawa, da ya bincika sai ya tarar sun taɓa yin aganar shanu. Ya faɗa wa 'yan'uwansa likitoci, zancen ya yi ta yawo a tsakaninsu, amma ba wanda ya bi sawunsa.

Jenner ya bi. Ya shekara da shekaru yana tattara labarin masu tatsa ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu dashe ya ga ko zai kama. Ya ci karo da abin da ya kusa rushe masa aikin, domin an sami waɗanda suka rantse sun yi aganar shanu amma aganar mutane ta kama su. Da ya tsananta bincike sai ya gane ba kowane ƙurji na hantsa ne aganar shanu ba, akwai cututtuka dabam dabam da makiyaya ke haɗawa su kira da suna ɗaya. Ya kuma gane ko ta ainihin ce, sai an ɗebi ruwan ƙurjin a kan kari, kafin ya tsufa. Wannan tantancewa, wadda ba ta da daɗin ba da labari kamar zancen budurwa mai tatsa, ita ce ƙashin bayan aikinsa.

A watan Mayu na 1796 wata mai tatsa, Sarah Nelmes, ta zo masa da ƙuraje a hannu, waɗanda ta ɗauka daga wata saniya da ake kira Blossom. Ran 14 ga watan, Jenner ya ɗebi ruwan ƙurjin, ya yi wa James Phipps, yaro ɗan shekara takwas, ɗan mai yi masa aikin lambu, 'yan tsagogi biyu a hannu, ya shafa. Bayan mako guda yaron ya yi kaluluwa a hammata da ɗan zazzaɓi, ya ƙi abinci kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan ya miƙe garau. Ran 1 ga watan Yuli sai Jenner ya yi abin da ake jira: ya dasa wa yaron aganar mutane ta ainihi. Ba abin da ya same shi. Bayan 'yan watanni ya sake, nan ma shiru.

A yau babu hukumar asibitin da za ta yarda a yi wa yaro irin wannan gwaji, balle ɗan baran mai gwajin, wanda ubansa ba shi da bakin cewa a'a. Ba daidai ba ne a ɓoye wannan. Sai dai in za a yi wa Jenner adalci, a tuna dashen da ya yi wa yaron a karo na biyu shi ne abin da ake yi wa dubban yara a Ingila kowace shekara, shi kansa an yi masa, kuma a 1798 ya sa ɗansa Robert, mai wata 11, cikin yaran da ya yi wa sabuwar lambar.

Ya rubuta rahoto a 1797 ya aika wa Ƙungiyar Masana, ba su buga ba, suna ganin yaro ɗaya bai isa hujja ba. A nan dai suna da gaskiya. Ga shi kuma aganar shanu ta ɗauke daga garkunan yankin, ba ta sake ɓullowa ba sai bazarar 1798. Da ta dawo, Jenner ya yi wa wani yaro lamba kai tsaye daga saniya, daga hannun wannan ya ɗiba ya yi wa wani, daga shi zuwa wasu, har hawa huɗu ko biyar, ya kuma nuna ƙarfin maganin bai ragu ba. Muhimmancin wannan ya fi na gwajin Phipps, domin ya nuna ba sai an jira saniya ta yi ciwo ba, ana iya riƙe irin a jikin mutane. A cikin 1798 ya buga ɗan littafi da kuɗin aljihunsa, mai ɗauke da bayanin mutum 23 da zanen ƙurajen. Ya kira cutar da sunan Latin wanda aka samo daga kalmar da ke nufin saniya, daga nan ne kuma kalmar da Turawa ke kiran allurar rigakafi ta samo asali.

Ya tafi Landan da magani a hannu, ya yi wata uku bai sami ko mutum ɗaya da ya yarda a yi masa ba. Ya bar ɗan abin da ya rage wurin wani likita, Henry Cline, ya koma gida. Cline ya gwada a kan wani yaro, ya ga aiki, labari ya bazu. Daga nan abin ya fi ƙarfin mai shi. Wani likita, William Woodville, ya shiga yi wa ɗaruruwan mutane lamba a cikin asibitin masu agana na Landan, inda maganin ya gauraya da cutar kanta, mutane suka yi ta fesowa da ƙuraje a jiki duka, aka ɗora laifin a kan aganar shanu. Wani kuma, George Pearson, ya kafa tasa cibiyar, ya yi ta ƙoƙarin rage wa Jenner daraja.

Masu adawa iri iri ne. Akwai likitocin da dashen agana ne abincinsu, suna ganin za a toshe musu hanyar samu. Akwai masu wa'azin da suka ce sa abin dabba a jikin ɗan Adam saɓo ne. Aka baza jita-jitar cewa yaran da aka yi wa lamba suna kukan shanu, fuskarsu tana komawa ta sa. A 1802 mai zanen barkwanci James Gillray ya zana wani ɗakin lamba inda 'yan maruƙa ke tsirowa daga hanci da kumatu da hannuwan mutane. Jita-jita irin wannan ba ta mutu da mutanen wancan zamani ba. A 2003 makamanciyarta ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa, ba a koma ba a Kano sai a 2004, cutar kuwa ta sami sararin tsallakawa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Akwai kuma batun wa ya riga wa. A 1774, shekara 22 kafin Phipps, wani manomi a lardin Dorset, Benjamin Jesty, da annoba ta matso, ya kai matarsa da 'ya'yansa maza biyu wani garke, ya yi musu lamba daga hantsar saniya da allurar saƙa. Sun tsira, amma hannun matar ya kumbura ƙwarai, maƙwabta suka tsangwame shi, ya yi gum. Wani malamin makaranta a arewacin Jamus, Peter Plett, ya yi irin haka a 1791. Saboda haka ba Jenner ne farkon wanda ya yi ba. Amma Jesty iyalinsa ya cetar ya tsaya nan. Jenner shi ya gwada, ya sake gwadawa, ya rubuta, ya buga, sa'an nan ya ba da sauran rayuwarsa ga yaɗa abin, bai ɓoye sirrin don ya sayar ba, ko da yake an ba shi shawarar yin haka.

Ya zama ba shi da aiki sai amsa wasiƙu daga ko'ina cikin duniya da aika magani, busasshe a jikin zare, ko a bakin gashin tsuntsu, ko tsakanin gilasai biyu da aka liƙe. A 1800 Benjamin Waterhouse ya fara yi a Boston, Shugaba Thomas Jefferson kuma ya sa aka yi wa mutanen gidansa. Indiya ta ba da wuya, domin zafi da nisan tafiya ta teku suna kashe maganin, sai da aka bi da shi ta Bagadaza da Basra, ana sabunta shi a hannun mutane, ya isa Bombay a 1802. Sarkin Sifen ya bi wata hanya da mai karatu zai jinjina. A ƙarshen watan Nuwamba na 1803 jirgin ruwa ya tashi daga garin Coruna ƙarƙashin likita Francisco Balmis, ɗauke da yara marayu 22. Akan yi wa biyu lamba, bayan kwana tara ko goma in ƙurjinsu ya nuna a ɗiba a yi wa biyu na gaba, haka haka har aka ƙetare tekun Atlantika da maganin da ransa. Daga Meziko aka ɗebi wasu yaran aka ƙetare da shi zuwa tsibiran Filifin. A Faransa, wadda ke yaƙi da Ingila, Napoleon ya sa a yi wa sojojinsa lamba, ya kuma saki wasu Ingilishi da ke tsare don kawai Jenner ne ya roƙa.

Duk wannan suna bai zo da kuɗi ba. Aikinsa na likita ya lalace saboda ba shi da lokacinsa. Majalisar Dokokin Ingila ta ba shi fam 10,000 a 1802, ya buɗe wurin aiki a unguwar masu hali a Landan bisa shawarar abokai, kasuwa ta ƙi, ya koma Berkeley da bashi. A 1807 Majalisar ta ƙara masa fam 20,000. A lambun gidansa akwai wata 'yar bukka mai jinkar ciyawa, a nan yake zama a ranakun da ya keɓe yana yi wa talakawa lamba kyauta, suna layi har bakin ƙofa. In ana neman kakan ɗakunan rigakafin da mata ke cika da goyo da kati a hannu, to, wannan bukka tana cikin masu da'awar.

Yana da nasa kuskuren, babba kuwa. Ya kafe a kan cewa lamba ɗaya ta isa har mutuwa. Duk sa'ad da aka kawo masa labarin wanda aka yi wa amma agana ta kama shi, sai ya ce ba a yi daidai ba ne, ko maganin ba na ainihi ba ne. A 1811 ɗan wani babban basarake, Lord Grosvenor, wanda Jenner da hannunsa ya yi wa lamba shekara goma da suka wuce, ya kamu da agana mai tsanani. Yaron ya tashi, amma maganar ta girgiza Landan. Gaskiyar ita ce ƙarfin lamba yana raguwa da shekaru, sai an sake. Ƙasashen Jamus ne suka fara gane haka suka shiga maimaitawa, Jenner kuwa bai sauka daga ra'ayinsa ba. A wani wurin kuma, inda aka yi masa dariya, shi ne ya kusanci gaskiya. Ya yi zaton asalin cutar daga wani ciwon ƙafar dawaki take, masu kiwo ke kai ta ga shanu. Da masana na wannan zamani suka binciki tsofaffin kwalaben maganin lamba, sai suka tarar ƙwayar da ke ciki ta fi kusa da aganar dawaki.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da rashe-rashe. Babban ɗansa Edward ya rasu a 1810, matarsa Catherine ta bi a 1815, dukansu da tarin fuka, cutar da a lokacin ba ta da magani ba ta da rigakafi. Ya janye jiki daga jama'a, ya koma ga duwatsunsa da tsuntsayensa, yana rubutu a kan ƙaurar tsuntsaye. Ya ba James Phipps, wanda ya girma ya yi iyali, gidan zama kyauta kusa da nasa. A 1821 aka naɗa shi cikin likitocin Sarki George na Huɗu. Ran 25 ga watan Janairu, 1823, aka tarar da shi kwance a ɗakin karatunsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya cika kashegari, ran 26, yana da shekara 73. Aka binne shi a cocin Berkeley kusa da iyayensa da matarsa. Phipps na cikin masu rakiya.

Aikin bai tsaya ba. Ingila ta hana tsohon dashen agana a 1840, ta tilasta lamba ga jarirai a 1853, abin da ya jawo bore da zanga-zanga shekaru da yawa. An daina ɗiba daga hannu zuwa hannu bayan an ga yana yaɗa tunjere, aka koma samar da maganin a fatar maruƙa. A 1881 Louis Pasteur na Faransa ya ba da shawarar a riƙa kiran kowace irin rigakafi da sunan da Jenner ya ba tasa, don girmama shi. Ƙasashe masu zafi ne suka daɗe a baya, domin maganin ba ya jure rana, sai cikin shekarun 1950 da aka gano yadda za a busar da shi ya zama gari mai jure tafiya.

A 1967 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura ɗamarar gamawa da agana, a lokacin tana kama mutum miliyan 10 zuwa 15 a shekara. Ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suka shiga tare. Dattawa a Arewa suna tuna ma'aikatan lafiya da na'urar nan mai kama da bindiga wadda ake takawa da ƙafa, da yadda hakimai da dagatai da masu unguwa ke tara jama'a a ƙofar fada da bakin kasuwa. A yankin Ogoja ne, a ƙarshen 1966, ƙarancin magani ya tilasta wa likita William Foege da abokan aikinsa su bar yi wa kowa da kowa, su nemi inda cutar take su kewaye ta da lamba. Dabarar ta ci, aka ɗauke ta zuwa Indiya da sauran wurare. A watan Mayu na 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, shi ne kuma na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma. Na ƙarshe a duniya da ta kama ta hanyar yaɗuwarta ta asali a cikin jama'a, ba wadda ta samo asali daga ɗakin gwaji ba, wani kuku ne na asibiti a Merka ta ƙasar Somaliya, Ali Maow Maalin, a watan Oktoba na 1977, ya kuwa warke. Ran 8 ga watan Mayu, 1980, Hukumar ta ba da sanarwar cewa agana ta ƙare.

Tun kafin sanarwar, a 1974, Hukumar ta ɗora wani shiri a kan hanyoyin da yaƙin agana ya share, na yi wa yara rigakafin cututtuka shida: tarin fuka, da shan inna, da ƙyanda, da mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙe-haƙora. A lokacin, yaran ƙasashe masu tasowa da ke samun waɗannan allurai ba su kai biyar cikin ɗari ba. Daga wannan shiri ne katin da ake ba mai jego ya fito, da ranakun da ake ce mata ta komo, an kuma yi ta ƙara wasu allurai a kai. Manya ma suna da rabonsu, kamar allurar sarƙe-haƙora ga masu juna biyu, da ta shawara da ta sanƙarau ga maniyyata aikin Hajji.

Gidan Jenner na Berkeley an mai da shi gidan tarihi, bukkar nan tana tsaye a lambun. Fatar saniya Blossom an ajiye ta a makarantar likitoci ta St George, inda ya yi karatu. A 1858 an kafa mutum-mutuminsa a dandalin Trafalgar na Landan, tsakanin na manyan mayaƙan Ingila, amma wasu suka ce likita ba wurinsa ba ne nan. A 1862 aka ɗauke shi aka kai lambun Kensington, aka ajiye a bakin ruwa.